Zaman jego a kwatas ɗin baƙi na Khubar

'Yar wajena ta sauka a farkon watan Satumban 2023 a Khubar, can gabashin Saudiyya, inda mijinta ke aikin injiniya da wani kamfani mai yi wa masu haƙar mai kwangila. Haihuwarta biyu na baya a gabana ta yi su a Kano, wannan karon kuwa likita ya hana ta hawa jirgi, don haka ni aka ɗora wa tafiyar. Surukina ne ya nema mini bizar ziyarar iyali ta intanet tun cikin yana wata bakwai. Nawa aikin haɗa kaya ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, garin kunu, tsamiya da 'yar kanwa a ƙulle. Goro kaɗai na bari, domin duk wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ya san Saudiyya ba ta wasa da maganarsa.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi da rana, bayan jami'ai sun zazzage akwatina sun shinshina kowane ƙulli. Muka yada zango a Addis Ababa, muka sauka Dammam cikin dare. Na yi Hajji, na yi Umra, amma Jidda da Makka da Madina kaɗai na sani, kuma can ko ina ka juya sai ka ji Hausa. A nan kuwa layin shiga ƙasa cike yake da 'yan Indiya da Bangaladash da Filifin, kowa riƙe da takardar aiki. Wata budurwa sanye da niƙabi ce ta ɗauki hoton yatsuna, ta buga mini hatimi, ta ce barka da zuwa. Da muka fito wajen ajiye motoci sai na ji kamar an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen bargo mai zafi. Gilashin idona ya yi hazo nan take. Zafin Makka busasshe ne, na nan kuwa gumi ne tsagwaronsa saboda teku na kusa, kuma ƙarfe biyu na dare ake ciki.

Filin jirgin Sarki Fahad a tsakiyar hamada aka gina shi, ya fara aiki a 1999, kuma ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane faɗin fili a duniya. Mun yi kusan minti 45 kan titi mai faɗi da fitilu kafin mu shiga Khubar. Surukina na gaba yana tuƙi, ina baya, ban da gaisuwa ba abin da ya haɗa mu. Ya tsaya shan mai, na leƙa allo na ga lita riyal 2.18.

Ƙofar kwatas ɗin ce ta fara tsayar mini da hankali. Doguwar katanga da waya mai ƙaya a samanta, sai tubalan kankare da aka jera a karkace yadda dole mota ta riƙa lanƙwasa a hankali. Mai gadi ya zagaya motar da madubi mai dogon hannu yana duba ƙarƙashinta, wani ya buɗe but, na uku ya karɓi fasfona ya duba sunana a kwamfuta, don tun kafin na taso aka shigar da ni cikin mazauna gida mai lamba kaza. Sai da ƙofar farko ta rufe a bayanmu sannan ta biyu ta buɗe. Daga baya na ji dalili. A watan Mayun 2003 an kai harin bam kan irin waɗannan rukunan gidaje uku a Riyad cikin dare ɗaya. A Mayun 2004 kuma, a cikin Khubar ɗin nan, 'yan bindiga suka kutsa wani rukuni mai suna Oasis da wasu ofisoshin kamfanonin mai, aka kashe mutum 22, yawancinsu baƙi. Tun daga lokacin katangu suka ƙara tsawo. Yau garin lafiya lau yake, amma madubin bai daina zagaya motoci ba.

Da gari ya waye na ɗaga labule, sai na rasa ƙasar da nake. Ciyawa kore shar, itatuwan dabino a jere, gidaje masu bene ɗaya duk fenti iri guda, kekunan yara a yashe a bakin ƙofa ba mai ɗauka. Wata Baturiya ta wuce da gudu cikin gajeren wando, kare na bin ta. Gidajen za su kai 200. Akwai wurin ninƙaya, ɗakin motsa jiki, filin tanis, ɗan kanti, wurin aski, gidan abinci, wurin renon yara da zauren taro. Wuta ba ta ko ƙiftawa. Idan famfo ya lalace, waya za ka buga, kafin ka gama shan shayi mai gyara ya iso.

Gidan kansa ne ya fi ba ni wahala, ba don ƙanƙanta ba. Wanda ya zana shi bai san akwai wani abu wai shi surukuta ba. Babu zaure, babu tsakar gida, babu sashen maigida. Kana buɗe ƙofa ka faɗo falo, kicin kuma a cikin falon yake, ɗan kanta kawai ya raba su. Ina tuƙa tuwo, surukina na zaune yana kallon labarai, muna ganin juna. Matakala ɗaya ce, kuma ɗakina na kallon nasu. Yaron kirki ne, shi ma abin ya dame shi. Sai ya koma fita tun asuba, in ya dawo ya tsaya a ƙofa ya yi ta sallama har sai na haye sama. Abincinsa a ɗan lambun baya yake ci cikin wannan gumi. Da na ga zai hallaka, sai na aika masa ta bakin matarsa cewa na yafe, ya shigo ya zauna. Duk da haka har na baro ƙasar bai taɓa kai loma baki a gabana ba.

Ana jibi suna na isa. A gida da tuni tsakar gida ta cika da 'yan barka, ana ta shan ƙauri, ana rabon goro da alawa. Nan kuwa shiru, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Rago ma ban gan shi da rai ba. Surukina ya je kasuwar dabbobi ya saya a kan riyal 1,500, aka yanka a mayankar hukuma, ya dawo da nama a yayyanke cikin leda. Ba a yanka a cikin kwatas, ba a hura itace, ba a kafa tukunya a waje. Na soya naman suna a kicin, ina cikin yi wata ƙararrawa ta ɓarke a saman kaina, ashe na'urar jin hayaƙi ce, kafin in ankara masu gadi biyu sun iso da tulun kashe gobara. Na sallame su da soyayyen nama a faranti.

Baƙin suna kuwa sai da aka rubuta sunan kowa da lambar katin zamansa aka kai ƙofa tun ana gobe. Wanda ba ya cikin takarda ba ya shiga, ko da ɗan'uwanka ne. Yawancin waɗanda suka zo 'yan Najeriya ne daga Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Zahran, malamai da ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku, Hausawa da Yarbawa, da matansu. Wani malami ɗan Zariya ya yi huɗuba, aka raɗa wa yarinya sunan kakarta ta wajen uba. Mun yi waina da miyan taushe, wata Bayarabiya ta kawo dafa-duka. Ƙarfe goma na dare kowa ya watse, don zauren taron haya aka ba mu na awoyi. Maijego ta yi kuka a daren nan, ta ce, "Umma, ko guɗa ɗaya ba a yi ba." Na ce in na rangaɗa ta yanzu, masu tulun nan za su dawo.

Wankan jego bai ba ni wahalar da na zata ba. A lokacin zafi tankin ruwa da ke saman gida yakan gasu da rana, har famfon da aka ce na sanyi ne ya riƙa zubo da ruwan da ba ka iya sa hannu. Mutanen can kashe na'urar dafa ruwa suke yi, su riƙa ɗibar na cikinta a matsayin mai sanyi. Likitarta ta ja mana kunne kan tafasasshen ruwa da kunun kanwa saboda zuciya da hawan jini, na kuma bi, don ko a gida likitoci sun daɗe suna wannan gargaɗi. Ganye ne ya rage. Ina zagayawa da yamma sai na hangi darbejiya a bayan filin tanis. Ina miƙa hannu wani mai ban ruwa ya taho, na ɗauka hana ni zai yi. Ɗan Bangaladash ne, dattijo mai jan gemu na lalle. Ya murza ganyen ya shinshina, ya yi alamar rungume jariri da hannu, na gyaɗa kai. Ashe su ma sun san shi, daga yankinsu ma itacen ya fito. Daga ranar kullum da safe sai in tarar da ɗaurin ganye a bakin ƙofa.

Ta dalilinsa na fara lura da mutanen da ke riƙe da wurin. Ƙarfe shida na safe wata farar bas ke sauke su a ƙofar baya: masu shara, masu yankan ciyawa, masu wanke wurin ninƙaya, masu kwashe bola. Da yamma ta mayar da su masaukin leburori can wajen gari, inda ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya kan gadaje masu hawa biyu. Da ɗan Larabcina na makarantar Islamiyya da nasa na kasuwa muka fahimci juna. Ya ce sai bayan shekara biyu yake ganin iyalinsa, 'yarsa ta yi aure ta waya ya halarta. Akwai dokar da ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na yamma, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, na kuma ga ana bin ta a wurin. Ana ɗage dokar suka koma cikin rana, alhali zafin bai san an ɗage ba. Ɗan masallacin da ke cikin kwatas ɗin ma su ne ke cika shi. Ba shi da lasifika, don haka a ƙasar Haramaini sai ga ni ina duba waya in san lokacin salla, sai fa in iska ta kwaso kiran salla daga bayan katanga.

Matan kwatas kuwa rayuwarsu a kan jadawali take. Maza su fita aiki, motocin makaranta su kwashe yara, sai wuri ya zama na mata. Akwai bas da ke kai su manyan kantuna safe da yamma, kowace rana da inda ake zuwa. Akwai shan gahawa na safiyar Talata, ajin motsa jiki, da zauren WhatsApp da ba ya barci: wa ya ga kyanwata, wa ke da lambar mai koyar da lissafi, yaran gida kaza sun cika ihu. 'Yan Labanan, Masar, Jodan, Indiya, Pakistan, Ingila, Afirka ta Kudu, duk ga su nan, ana murmushi ana ɗaga hannu. Sai dai ba a faɗa wa mutum gida haka kawai. Sai an aiko saƙo an tsayar da lokaci. Ban ga iyalin Saudiyya ko ɗaya da ke zaune a ciki ba.

Wata rana na kai jikokina biyu wurin ninƙaya, ina zaune cikin hijabina a inuwa, sai wata mata ta matso ta tambaye ni da Turanci ko uwar ɗakina na barina in yi aikin awa a wasu gidaje, tana neman mai guga. Yawancin baƙaƙen matan da ke shiga wurin 'yan aiki ne daga Kenya da Yuganda da Habasha, ita iyakar saninta ke nan. Na ce mata ni kakar yaran nan ce, kuma na shekara 30 ina koyarwa kafin in yi ritaya ina shugabar makaranta. Fuskarta ta yi ja, ta yi ta ba da haƙuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne canjin muryarta. Wadda ta yi mini magana da ita da farko, da ita take yi wa waɗancan matan magana kullum.

Mutum ɗaya ce ta karya dokar tsayar da lokaci, wata 'yar Sudan matar likita, gida uku tsakaninmu. Ƙanshin daddawa ne ya jawo ta. Ta ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da kwanon kunun hulba, wanda su ke dama wa maijego don ruwan nono, ta zauna ta miƙe ƙafa kamar mun shekara tare. Ta san Hausawa sarai, ta ce a Sinnar ta tashi, kusa da Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa a bakin Kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Har "sannu" da "lafiya lau" ta iya. Ita ta yi wa maijego lalle da turaren tsuguno. Amma kullum waya na hannunta. Yaƙi ya ɓarke a Khartum tun watan Afrilu, an wawashe gidan da suka shekara suna ginawa da kuɗin Saudiyya, mahaifiyarta na gudun hijira a Alƙahira. Ta ce, "Hajiya, da muna ƙirga shekarun komawa gida. Yanzu fatanmu kar a sallami maigida, don ba mu da inda za mu."

Wannan tsoro na sallama kowa na ɗauke da shi, ko da ƙasarsa lafiya. Gidan na kamfani ne, shi ke biyan haya, wadda surukina ya ce ta haura riyal 150,000 a shekara. Iƙama, wato katin zama, a kan aikin take rataye. Ranar da kwantiragi ya ƙare, gida da makaranta da asibiti duk sun tafi tare. Tun 2017 gwamnati ta sa haraji kan kowane ɗan rakiya, mata ko ɗa, ya fara daga riyal 100 a wata har ya kai 400. Harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a 2020. Ga kuma tsarin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa da ke ƙara faɗi kowace shekara. Ina can iyalai biyu suka tashi. Za ka gane ne in ka ga hotunan kujeru da firji da keken yara a WhatsApp an rubuta farashi da "tafiya ba dawowa". Kujerun falon 'yata ma a haka ta saye su wurin wasu 'yan Kanada. Jaririyar da aka haifa a asibitin Khubar ba 'yar Saudiyya ba ce kuma ba za ta zama ba. Sai da uban ya je ofishin jakadancinmu a Riyad ya yi mata fasfo, sannan aka shigar da ita cikin iƙamarsa.

Jikokina su suka fi ba ni tunani. Makarantarsu ta Turanci ce, abokansu 'yan ƙasashe goma, amma babu Balaraben Saudiyya ko ɗaya da suke wasa da shi. Larabcinsu bai wuce na gaisuwa da sayen alawa ba. Hausar ma ta fara gudu, in na yi magana da ita su amsa da Turanci. A Kano mutane na ce mini na huta, jikoki za su tashi da Larabcin Alƙur'ani a baki. Malamin da ke koya musu karatun ma ta kwamfuta yake yi, daga Masar.

Asalin wannan tsari a nan kusa yake. A Zahran aka haƙo man farko mai yawa a watan Maris na 1938, a rijiyar da ake kira Dammam ta 7. Amurkawan kamfanin da ya zama Aramco, wato kamfanin mai na Saudiyya, suka gina wa kansu unguwa mai shinge irin ta ƙasarsu, da makarantu da sinima da filin wasa, yayin da leburori 'yan ƙasa ke kwana a bukkokin ganyen dabino, abin da ya sa suka yi babban yajin aiki a 1953. Unguwar na nan har yau, gari guda ce, kuma mata na tuƙi a cikinta tun kafin a ba su izini a faɗin ƙasa a watan Yunin 2018. Sauran kwatas duk ita suka kwaikwaya. Yanzu da aka buɗe sinima, mata na tuƙi, aka sassauta maganar abaya, sai na tambayi 'yata me katangar ke tsarewa. Ta ce yara na hawa keke har dare ba ta fargaba, kuma in maigida ya tafi aiki hamada na mako biyu tana barci da ido biyu rufe. Ban musa mata ba.

Da aka yi arba'in muka fara fita. Kafin nan na ga bikin ranar ƙasa ta 23 ga Satumba daga cikin mota kawai, tituna sun koma kore da tutoci, matasa na ta hon. A bakin tekun Khubar na fara ganin Saudiyawa a sake: iyalai sun shimfiɗa darduma kan ciyawa da butar gahawa da dabino, ana hango gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 da ta haɗa su da Bahrain tun 1986. Wata tsohuwa ta yafito ni, ta zuba mini gahawa mai ƙamshi, ta karɓi jaririya ta yi mata addu'a. Da ta ji daga Najeriya nake sai ta ce maƙwabtanta Hausawi ne, 'yan ƙasa, kakanninsu suka zo Hajji suka zauna. Hirar da muka yi a wannan yammaci ta fi duk wadda 'yata ta yi da 'yar ƙasar tun zuwanta, ita da kanta ta faɗa.

Mun kuma je Al-Ahsa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Dausayi ne mai itatuwan dabino sama da miliyan biyu da rabi. Muka shiga kogunan dutsen Ƙara masu sanyi, muka yi salla a masallacin Juwasa, inda aka yi Juma'a ta farko bayan ta Madina, muka sayi dabinon khalas a kasuwar Ƙaisariyya ta Hufuf. A wani gidan abinci aka zaunar da mu a ƙasa cikin ɗan ɗaki mai labule, aka kawo tiren mandi, wato shinkafarsu, da naman rago, muka ci da hannu. Surukina ya ɗauki nasa ya koma ɗakin maza, kowa ya samu sakewa. Shawarma kuwa da shayin madara da suke kira karak na bakin titi a lokacin ba sa cin riyal 10, alhali a gidan abincin kwatas kofin shayi kaɗai ya kusa haka.

Komawa ta Makka na bi. Bizar ziyara na ba da damar Umra, sai dai nisan ya fi kilomita 1,200, don haka jirgi muka hau zuwa Jidda, daga nan jirgin ƙasa na Haramaini. Ina fitowa daga Harami na ji wata na tallan abinci da Hausa, na tsaya na sayi tuwo ba don yunwa ba. Daga Jidda na taso kai tsaye zuwa Kano da jarkar zamzam mai lita 5, na biya kuɗin ƙarin kaya saboda dabino. Mako guda gidana bai rabu da 'yan sannu da zuwa ba, ba wanda ya aiko saƙo kafin ya zo. Kowa tambayarsa ya Makka, sai kuma a ja ni gefe a ce ko surukina zai samar wa yaro aiki a can.